Yadda Ake Haɗa Ban-Ruwan Ɗigo a Garkar Bayan Gida da Tano Ɗaya

Duk wanda ya yi bazara ɗaya a Damagaram ya san darajar bido, wato jarka, guda na ruwa. Garinmu a kan dutse yake zaune, rijiyar cikin gari ba kasafai take ba da abin kirki ba, ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram. Ruwan sama kuma wata uku zuwa huɗu ne, abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 400 da ƴan kai ba. Shi ya sa in ka ce wa mutum ya yi garka a bayan gidansa, abin da zai fara tambayarka shi ne: da wane ruwan? Tambayar tana kan hanya. Ni ma da butar ban-ruwa na fara, ina kwarara wa fangali huɗu ruwa safe da yamma, rabinsa rana ta shanye, wani ya bi rairayi ya wuce inda saiwa ba ta kaiwa, sauran kuma ciyawa ta ci moriyarsa. Da na koma ban-ruwan ɗigo, wanda masu sayar da kayan ke kira gutagut, sai na ga tano ɗaya, wato duro, yana riƙe garkar duka. Ga yadda na haɗa nawa.

Dabarar ita ce a kai ruwa gindin shuka kai tsaye, ɗigo bayan ɗigo, ta cikin baƙin tiyo mai ƙananan idanu. Ba a bukatar inji ko lantarki. Tano ake ɗorawa a bisa, nauyin ruwan da kansa yake tura shi cikin tiyo. Ba sabon abu ba ne a Nijar: tun farkon shekarun 2000 cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa irin wannan tsari ga masu noman rani, da tankin da tsayinsa daga ƙasa bai wuce mita ɗaya ba.

Kafin ka sayi komai, zaɓi wuri ka auna shi. Kayan miya suna son rana ta aƙalla awa shida, don haka ka tsaya kwana ɗaya ka lura da inda inuwar katanga take faɗawa da hantsi da kuma bayan azahar. Ka nisanci gindin dogon yaro, domin saiwarsa tana jin ɗanshi daga nesa, za ta biyo shi ta shiga fangalinka ta yi ta sha. Ka sa fartanya ka tona kamu biyu. In ka ci karo da dutse kafin nan, kamar yadda yake a gidaje da yawa na Birni da kewayen duwatsu, sai ka tayar da fangalin da jeri biyu na bulo ka cika da ƙasa da taki. Shawarata ka fara da kaɗan. Fangali huɗu, kowanne faɗin mita 1, tsawon mita 5, da hanyar ƙafa a tsakani, sun ishi gida ganye da tumatir. Wannan murabba'in mita 20 ke nan, kuma da shi zan yi duk lissafin da ke tafe.

Lissafin ruwa shi ne wurin da ya kamata a zauna a yi da natsuwa, don shi zai gaya maka ko garkar ta fi ƙarfinka. Ni ma'aunin da nake aiki da shi: a lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kowane murabba'in mita na shukar da ta girma yana shan kimanin lita 5 a yini. Mita 20 sau 5, lita 100, wato bido huɗu masu lita 25. Idan bazara ta kama, Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, sai abin ya tashi zuwa lita 8 ko fiye, kusan bido bakwai. Ƙananan shuke-shuke da aka dasa jiya ba sa kai haka. Ka ɗauki wannan adadi ka kwatanta da abin da kake biya a famfo ko wurin mai garuwa. In bido huɗu a yini ya yi maka nauyi, yi fangali biyu. Garka ƙarama da ta ƙoshi ta fi babba mai ƙishi ba da amfani, na ga wannan da idona a gidan maƙwabcina da ya shuka fangali goma ya tashi da kwando ɗaya.

Kayan da za ka nema wurin masu sayar da kayan famfo, a Kasuwar Dole ko wajen masu kayan noman rani: tano na roba mai lita 200 da murfinsa, robine guda, wato kan famfo mai buɗewa da rufewa, tare da mahaɗin da ke ratsa jikin tano da robobinsa na hana yoyo, mataci na ban-ruwa mai rariya a ciki, wanda aka rubuta wa 120 a jiki, babban baƙin tiyo mai kauri milimita 25, kamar mita 8, sai tiyon ɗigo mai milimita 16, mita 40 da ɗan rara, ƙananan mahaɗai takwas da za su haɗa tiyon ɗigo da babban, gwiwa, wato lanƙwasasshen mahaɗi, ɗaya ko biyu, farin zaren roba da masu famfo ke naɗa wa bakin zare, da waya mai ɗan kauri. In hali ya yi, ɗauki mahaɗai masu ƙaramin robine a jiki, domin ka iya rufe layi ɗaya ka bar saura.

Wajen sayen tano ka tambayi abin da ya taɓa zama a ciki, ka kuma sa hanci ka sansana. Wanda ya ɗauki maganin ƙwari ko man inji, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, abin da iyalinka za su ci ne za ka shayar da shi. Kuma ya zama mai duhu wanda haske ba ya ratsawa. Farin tano yana haifar da gansakuka cikin mako biyu.

Wajen tiyon ɗigo na taɓa yin asara, don haka bari in daɗe a nan. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda idanunsa ba sa buɗewa sai da matsin famfo mai ƙarfi ko na inji, an yi shi ne don manyan gonaki. Akwai kuma mai sauƙi wanda ke ɗiga ko da ƙarfin ruwan kaɗan ne. Shekarata ta farko na sayi na farkon, mai shago ya ce shi ne mai kyau, kuma gaskiya mai kyau ne, amma ba don tano ba. Na haɗa komai, na buɗe robine, na tsuguna ina jira, wasu idanun suka yi gumi kawai, wasu ko gezau. Tsayin mita ɗaya ba ya ba da fiye da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da ake gwada irin waɗannan tiyo da shi. Saboda haka ka faɗa wa mai shago ƙarara: "Malam, da tano zan yi aiki, ba da inji ba." Ka kuma sani cewa in an rubuta lita 2 a awa a jikin tiyon, a ƙarƙashin tano abin da zai ba ka bai fi kashi ɗaya cikin uku na hakan ba. Wannan ba aibu ba ne, lokaci kawai za ka ƙara. Tazarar idanu kuwa, ƙasarmu mai rairayi ce, ruwa yana nutsawa tsaye maimakon ya bazu, don haka ɗauki mai santimita 20 ko 30. Mai 50 zai bar busassun wurare a tsakani.

Wasu suna sayen tiyo marar ido su huda da allura mai zafi. Yana yi, amma hudojin ba sa zuwa daidai, wata shuka ta nutse wata ta bushe. Wasu kuma suna amfani da tiyon ƙarin ruwa irin na asibiti don ƙaramin makunnin da ke jikinsa. In za ka yi haka, sayi sabo a shagon magani. Wanda aka tsinto daga sharar asibiti bai kamata ya shigo gida ba sam.

Yanzu aikin ƙasa. Ka kafce fangalin, ka zuba ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu, kamar bokiti ɗaya a kowane murabba'in mita, ka cuɗa shi sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana jawo gara. A cikin rairayi, takin nan shi ne ke riƙe ɗigon da za ka zuba, ba don shi ba ruwan wucewa zai yi. Sannan ka daidaita fuskar fangalin. Da butar ban-ruwa ɗan gangare ba ya damun kowa, amma a nan ƙarfin ruwan kaɗan ne, tudun kamu ɗaya a tsakiyar layi zai iya hana ƙarshensa samun rabonsa. Ari siririn farin tiyon da magina ke auna daidaito da shi, ka cika shi da ruwa, ka duba kai da ƙarshen kowane fangali. In filin yana da gangare, tano ya zauna a ɓangaren tudu.

Sai gadon tano. Tsayinsa mita 1 zuwa 1 da rabi daga ƙasa. Lita 200 kilo 200 ne, ban da nauyin tanon, don haka ba aikin itace huɗu da igiya ba ne. Ko ka gina da bulon siminti, ko mai walda ya haɗa maka na ƙarfe mai faɗin ƙafafu, ka dasa ƙafafun a kan daɓe don kada su nutse idan ƙasa ta jiƙe. Ka yi masa matakala, domin kai ne za ka riƙa hawa da bido a hannu kullum. Idan famfon gidanku yana kawo ruwa da dare, ja tiyo daga can zuwa bakin tano, ka huta da ɗauka. Murfi kuma dole ne, a ɗaure shi. Yana hana ƙurar hunturu da sauro, kuma gidan da ke da yara ƙanana bai kamata a bar tano cike a buɗe kusa da matakala ba.

Ka huda tanon a gefe, kamar yatsa huɗu sama da gindinsa. Kada ka huda a gindin kansa. Wannan ɗan wurin da ka bari shi ne inda laka da yashi za su kwanta maimakon su bi tiyo. Ka sa mahaɗin, roba ɗaya ciki ɗaya waje, ka ɗaure tamau, ka naɗa farin zare, ka ɗaura robine, bayansa mataci. A jikin mataci akwai kibiya, ta fuskanci inda ruwa zai tafi. Daga mataci babban tiyo ya sauko ƙasa ta gwiwa, ya miƙe ta kan fangulan huɗu kamar layin da ya ratsa kawunansu. In tiyo ya ƙi shiga mahaɗi, tsoma bakinsa cikin ruwan zafi na ɗan lokaci, zai yi laushi. Kada ka kai shi wuta.

Kowane fangali layi biyu zai samu, tazarar santimita 40 zuwa 50 a tsakaninsu. Ka yi alama a jikin babban tiyo, ka huda da abin huda na musamman in ka samu, in babu, da ƙusa mai zafi wadda ba ta kai bakin mahaɗin kauri ba, domin ya shiga da ƙyar ya kama. Ka yanka tiyon ɗigo mita biyar da ɗan ƙari, ka soka, ka shimfiɗa shi idanunsa suna kallon sama. Mutane da yawa suna kifa su ƙasa, suna ganin ai ƙasa ruwan zai je. Amma dattin da ke cikin tiyo a ƙasansa yake kwanciya, idon da ke ƙasa shi ke fara toshewa. Ka lanƙwasa waya kamar ƙugiya ka danne tiyon kowace mita ɗaya, ba tare da ka ja shi ya yi tsauri ba, saboda baƙar roba tana miƙewa da rana tana tsukewa da dare.

Kada ka rufe ƙarshen layukan tukuna. Cika tano, buɗe robine, bari ruwa ya fita ta ƙarshen babban tiyo da na kowane layi har ka ga ya fito garau. Ɓarɓashin roba da yashin da suka shiga lokacin aiki duk za su fita. Ka tara ruwan a roba ka ba wata shuka. Bayan nan ka naɗe ƙarshen kowane layi gida biyu, ka zura masa ɗan zoben da ka yanko daga babban tiyo. Ya fi ɗauri da waya, don za ka riƙa buɗe shi.

Gwaji kafin shuka. Nemo gwangwanayen tumatir iri ɗaya guda uku, ka ɗan tona ka sa ɗaya ƙarƙashin idon farko na layi, ɗaya a tsakiya, ɗaya a na ƙarshe. Buɗe ruwa minti goma, ka jera su ka duba. In na ƙarshe ya gaza na farko da fiye da kashi ɗaya cikin biyar, akwai tudu, ko yoyo, ko tanon bai yi bisa sosai ba. A garkata idanu kusan 130 ne, kuma rabin tano yana sauka cikin awa ɗaya da ɗan wani abu. Naka zai iya bambanta, shi ya sa nake cewa ka zana layi a jikin tano a kowace lita 50, ka riƙa aiki da lita, ka bar agogo.

Ranar da na fara, Inna ta fito bayan la'asar ta tsaya a kan fangali, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai, wannan ƙasar ai a bushe take, za ka kashe tumatirin nan da ƙishi." Abin da ake gani a sama ɗan da'ira ne mai ɗanshi kamar faɗin tafin hannu a kowane ido, sauran duk fari. Na ce, "Inna, zo ki gani." Na sa hannu na tona gefen da'irar. A ƙarƙashi ɗanshin ya buɗe kamar albasa, ƙunci a sama, faɗi a tsakiya, ya nutsa fiye da kamu ɗaya, kuma ya haɗu da na idon da ke kusa. Ta damƙi ƙasar, ta dunƙule a hannunta ba ta wargaje ba, ta gyaɗa kai. Wannan tonon shi ne ma'aunin gaskiya, kuma har yau ina yin sa duk mako. In ƙasar ta dunƙule ba ta ɗiga ba, ruwan ya yi daidai. In ta wargaje, ƙara. In ɗanshin ya zarce kamu biyu ƙasa, kana zubar da ruwa inda saiwa ba ta zuwa, sai ka rage ka raba shi kashi biyu.

Ni dama kashi biyu nake yi: rabi bayan sallar asuba, rabi bayan la'asar. Tsakar rana ba na buɗewa, don ruwan da ya kwana cikin baƙin tiyo a rana yana yin zafin da zai dafa saiwar ƙaramar shuka.

Dashe kuwa, a jiƙa fangali sosai kwana ɗaya kafin nan, a dasa da yamma, kowace shuka yatsa uku zuwa huɗu daga ido, ba a bakinsa daidai ba don kada gindi ya ruɓe. Tumatir da tattasai da yalo suna son tazarar santimita 40 zuwa 50, salati 25 zuwa 30, shu, wato kabeji, kamar 40. Albasa, irin ta Galmi da muka saba, ana jera ta gefe biyu na layi. Mako na farko ina taimaka wa dashen da buta, kafin saiwa ta gano inda ɗanshi yake. Abin da ake yafa irinsa kamar karoti da alayyafo, su ma sai an yi musu yayyafi da buta har su tsiro. Oktoba zuwa Nuwamba ne lokacin fara tumatir da salati. In zafi ya shigo, tumatir yana zubar da fure, sai a koma kuɓewa da yakuwa da lalo da zogale. Ka rufe fuskar fangali da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, har kan tiyon, ka riƙa ɗagawa kana duba gara. Ta gabas da arewa ka kafa zana saboda iskar hunturu, ita ce kuma za ta tsare maka kaji da awaki.

Abin da ke kashe wannan tsari ɗaya ne, toshewa, kuma daga ruwa take zuwa. Ruwan tabki ko na rijiya mai laka, bar shi ya kwana a wani mazubi ya kwanta, ka tace da ƙyalle a bakin tano. Ruwan alwala da na wanke ganye suna da kyau in an tace. Na wanki mai sabulu da na wanke-wanke mai maiƙo kada su shiga, suna toshe idanu, suna tara gishiri, kuma bai dace su taɓa salatin da za a ci ɗanye ba. Mataci a kwance shi a wanke da tsohon buroshin haƙori duk kwana biyu ko uku. Duk mako biyu a zare zobban ƙarshen layi a bar ruwa ya wanke ciki. Tano a juye shi a wanke gindinsa duk wata. In ka ga ido ya daina ɗiga, murza wurin da yatsu ruwa na tafiya, yawanci yana buɗewa. In farin abu ne ya daskare a bakinsa, ɗiga masa ruwan lemun tsami. Kada ka soka allura, za ka faɗaɗa shi ya riƙa cinye rabon na bayansa.

Takin zamani ma a yi hattara. Ure, wato yuriya, yana narkewa tas, ana iya narkar da ɗan kaɗan a tace a zuba cikin tano, a bi shi da ruwa zalla. Amma mai lamba 15-15-15 yana barin gari, a binne shi a ƙasa kusa da ido. Jiƙon taki kuwa da buta ake ba da shi. In ka fara ganin farin zobe kamar kanwa a gefen da'irar ɗanshi, gishiri ne ke taruwa, sai ka yi wa fangalin ban-ruwa mai yawa da buta sau ɗaya ya tura shi ƙasa.

Ɓera da bazara yana jin ruwa a cikin tiyo ya huda shi. Yanke wurin, haɗa da ɗan mahaɗi, ka ajiye masa ruwa a kasko can nesa da garka.

Wanda bai samu kuɗin tiyo ba tukuna, akwai tulun ƙasa, irin wanda maginan tukwane na Mirya ke yi. A binne shi har wuya, a cika, a rufe bakinsa, a dasa tumatir ko kuɓewa uku zuwa huɗu kewaye da shi. Jikinsa yana tsattsafo da ruwa a hankali gwargwadon bushewar ƙasa. Ni ma ina da biyu a gindin zogale inda layi bai kai ba, duk kwana uku nake cika su.

Idan damina ta sauka sosai a Yuli, sai in wanke layukan karo na ƙarshe, in zare su daga babban tiyo, in naɗe kowanne ba tare da karya shi ba, in sa a buhu in rataye a rumfa inda rana da ɓera ba sa kaiwa. Hudojin babban tiyo in toshe su da tsumma don kada zanzaro ya yi gini a ciki. Tanon kuma in sauke shi in kai ƙarƙashin indararo, da ƙyalle ɗaure a bakinsa.